Agustin da Felajiyus: Rigimar Zunubi Bayan Baftisma

Me ya sa mai bi yake komawa ga zunubi bayan an yi masa baftisma? Wannan tambaya ta raba kan malaman Kirista shekara 1,600 da suka wuce.

Felajiyus, malami ɗan asalin Birtaniya, ya zauna a birnin Rum a ƙarshen ƙarni na 4, lokacin da Kiristanci ya zama addinin daula. Jama'a na tururuwa zuwa majami'u, amma halin da yawansu bai sauya ba. Abin ya dame shi. Ya koyar da cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, saboda haka duk wanda ya faɗi, sakacinsa da mugun sabo ne suka kayar da shi. A ganinsa, mummunan misali kawai Adamu ya bar wa zuriyarsa.

Da mayaƙan Got suka ci Rum a shekarar 410, Felajiyus ya tsallaka Arewacin Afirka, inda koyarwarsa ta iske Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Shi Agustin sai da ya sha doguwar kokawa da sha'awa kafin ya karɓi baftisma a 387, yana da shekara 32. Ya ce faɗuwar Adamu ta raunana nufin ɗan Adam kansa. Baftisma tana shafe laifi, amma karkatar zuciya zuwa ga mugunta tana nan har mutuwa. Mai bi majinyaci ne da ya fara murmurewa, kullum yana bukatar alherin Allah.

A 418 taron bishop-bishop a Kartaj ya bi bayan Agustin, har ya yanke cewa ko tsarkaka, in sun roƙi gafara cikin Addu'ar Ubangiji, zunubinsu na gaskiya suke nufi. Maganar ta sake tasowa a ƙarni na 16: Martin Luta ya ce sha'awar da ta saura zunubi ce, taron Katolika na Tirent kuma a 1546 ya ce ba ta zama zunubi sai an miƙa mata wuya.

Kowane ɓangare da abin da yake tsoro. Felajiyus yana gudun kada rauni ya zama uzurin malalaci. Agustin yana gudun kada wanda ya faɗi ya fid da rai, ko wanda yake tsaye ya yi fahariya. Ikilisiyar Yamma ta ɗauki ra'ayin Agustin, amma duk mai wa'azin da ya ga an mayar da tuba al'adar mako-mako ya san abin da ya dami Felajiyus.