Gurbin Baƙo da Hannun Ɗan Gida: Nazari kan Rabon Bizar Ƙwararru

Mai fita daga Lafia zuwa Kwandere zai ga filin jirgin saman da aka fara ginawa a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2022. Filin jirgi ba ya tsayuwa da kwalta da gini kaɗai. Yana buƙatar masu sanin na'urar sadarwa, da wutar titin sauka, da gyaran injuna. Haka ma masana'antar tace litiyam ta 'yan Sin da aka buɗe a ƙaramar hukumar Nasarawa a watan Mayun 2024. Duk inda irin wannan aiki ya sauka, kamfani kan ce babu ƙwararru a gida, sai an ɗauko daga waje. Tambayar wannan maƙala ita ce: da wane ma'auni hukuma ke ba kamfani wannan izini?

A 'yan shekarun nan manyan ƙasashe sun karkata ga ma'aunin kuɗi. Amurka na ba da sababbin bizar H-1B guda 85,000 a shekara, kuma da ƙuri'a ake rabawa idan masu nema sun yi yawa. A Satumbar 2025 gwamnatin Donald Trump ta ɗora dala 100,000 a kan sabuwar buƙatar da kamfani ya shigar domin ma'aikacin da ke waje, daga baya kuma aka sauya ƙuri'ar yadda mai babban albashi zai fi samun dama. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ɗauki baƙo a kai daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, sannan zuwa 41,700 a Yulin 2025.

Najeriya ma ta gwada wannan hanya. A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikatan ƙetare: dala 15,000 a shekara a kan darakta, 10,000 a kan sauran ma'aikata. 'Yan kasuwa da masu masana'antu suka yi ca, aka dakatar da shi a watan Maris.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce. Suna cewa idan baƙo ya yi tsada, kamfani ba zai ɗauko shi ba sai dole, don haka ɗan ƙasa zai samu gurbi. A ƙasar da ƙwararru suka wadata, maganar na iya yin daidai. Matsalar jihar Nasarawa daban take. Matashin da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha a Lafia yana da takarda, amma bai taɓa riƙe injin tace ma'adinai ba. Ko baƙon ya tafi yau, gurbin ba zai zama nasa ba. Haraji kuwa babban kamfani zai biya ba tare da ya girgiza ba, ƙarami ya janye, kuɗin su tafi Abuja, hannun ɗan gida ya zauna yadda yake.

Abin lura shi ne tsarinmu na asali ya riga ya hango wannan. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba kamfani adadin guraben baƙi, gurbin kuma na kamfanin ne, yana da wa'adi, ba mallakin ma'aikacin ba ne. Daga nan Hukumar Shige da Fice ke ba baƙon katin zama da aiki. Sharaɗin shi ne a haɗa kowane baƙo da 'yan Najeriya biyu masu koyo a ƙarƙashinsa, domin su gaje shi. Bahaushe ya san wannan yarjejeniya tun daga maƙera da garejin bakanike: yaro ya zauna gaban ubangida har ranar yaye.

Na taɓa zama da wani matashi injiniya da sunansa ke cikin takardun wani kamfani a matsayin mai koyo. Ya nuna mini tafin hannunsa, duk kanta ce ta ɗaukar buhu da jan waya. Ya ce idan injin ya tsaya, ana sallamar masu koyo su je su huta, a rufe ƙofa, a gyara. Littafin injin ma ba da harshen da yake karantawa aka rubuta shi ba. Shekara uku ke nan, kuma an sabunta gurbin ubangidansa. Labarin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan kowa, amma ya nuna inda igiyar ke tsinkewa: ana duba suna a takarda, ba a duba abin da hannu ya iya.

Saboda haka ra'ayina shi ne a ɗaure sabunta gurbi da shaidar koyarwa. Kafin a ƙara wa kamfani wa'adi, a sa mai koyon ya kunna injin, ya gano matsala, ya gyara a gaban masu tantancewa daga majalisar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, da malaman Jami'ar Tarayya ta Lafia. Wanda ya yaye yaransa a ƙara masa gurabe a sabon fanni. Wanda ya kasa, a rage masa. Biza ikon tarayya ce, gaskiya, amma fili da hanya da amincewar sarakuna daga jiha suke fitowa, don haka gwamnatin Nasarawa na da bakin neman sunayen masu koyon kowane kamfani tun ranar da ake rattaba hannu kan takardar fili.