Rezin ko Gilas Ayonoma? Kwatanta Kayan Liƙe Ramuka da Tsagogin Haƙoran Turmi

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta manyan kayan liƙe tsagogin haƙori guda biyu, rezin da simintin gilas ayonoma, tare da duba rawar gam ɗin da ake shafawa tsakanin haƙori da liƙin. Matsayarta ita ce daɗewar liƙi a kan haƙori ba ta isa ta zama ma'auni ita kaɗai ba. Hana ruɓewa shi ne abin aunawa.

Gabatarwa

Turmin dindindin na farko yakan fito yaro yana kimanin shekara 6, na biyu kuma wajen shekara 12. Samansu cike yake da ramuka da tsagogi, wasu sun fi silin buroshi ƙunci, balle asuwaki. Nan ragowar abinci ke maƙalewa, nan kuma ruɓewa ta fi farawa. Don hana haka ake liƙe su.

A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa asid fosforik na kankare ɓawon haƙori ya bar ƙananan kafofi da rezin zai kama. Rafael Bowen ya samar da rezin ɗin Bis-GMA a farkon shekarun 1960, Wilson da Kent kuma suka bayyana gilas ayonoma a Ingila a 1972.

Kwatanci

Rezin yana kama haƙori ne ta hanyar kutsawa cikin kafofin da asid ya buɗe. Yau ana amfani da asid mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari, a wanke, a busar, a zuba liƙin, a daskarar da shi da fitila. Idan aka yi aikin a bushe, yana daɗewa ƙwarai: mai bincike Simonsen ya bi diddigin liƙin da ya yi sau ɗaya har shekara 15, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna nan cif. Sai dai rezin ba ya shiri da ruwa. Miyau ya taɓa wurin na ɗan lokaci kaɗan, kafofin sun toshe, aikin ya ɓaci. Kuma abin takaici, haƙorin da ya fi bukatar liƙi, wato turmin da bai gama fitowa ba, dasashi na rufe da gefensa, shi ne mafi wuyar busarwa.

A nan gam ya shigo. Binciken Feigal da abokan aikinsa ya nuna shafa gam mai jure danshi kafin zuba rezin yana rage faɗuwar liƙin. Amma ba kowane gam ba: wanda ke kankare haƙori da kansa ba tare da asid fosforik ba, kamunsa a kan ɓawon da ba a fere ba ya fi rauni. Gajarta aiki da shi arha ce mai tsada.

Gilas ayonoma kuwa haɗuwar sinadari yake yi da kalsiyam ɗin haƙori, yana jure danshi, yana kuma sakin fuloraid. Yakan ɓantare da wuri fiye da rezin, musamman tsohon samfuri mai ruwa-ruwa. To amma ko ya ɓantare daga sama, ɓurɓushinsa kan saura a can ƙasan tsagar. Mai kauri irin Fuji IX, wanda ake dannawa da yatsa, ya samu karɓuwa ta hanyar dabarar gyaran haƙori da ake kira ART, wadda Jo Frencken ya faro a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980.

Tattaunawa

Bitar Cochrane ta 2017 ta gano cewa liƙin rezin na rage ruɓewa da kashi 11 zuwa 51 cikin ɗari bayan shekara 2, idan aka kwatanta da haƙorin da ba a liƙe ba. Da aka zo kan rezin da gilas ayonoma, hujjojin ba su kai a fifita ɗaya ba. Wannan ya isa ya sa a yi hattara da nazarce-nazarcen da ke ƙirga liƙin da ya faɗi su kira shi gazawa, alhali haƙorin lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka zaɓin ya rataya ne a kan wurin aiki. A asibitin da ke da injin tsotse miyau, da fitila, da mataimaki, rezin bayan asid fosforik ya fi dacewa. A makarantar firamare ta karkara a Jigawa ko Damagaram, inda auduga ce kawai ke tare miyau kuma babu tabbacin lantarki, gilas ayonoma mai kauri ne ya dace da turmin ɗan shekara 6, a sake duba shi idan haƙorin ya gama fitowa.