Yadda Mita 100 Ta Danne Dogon Gudu a Kudancin Katsina

Duk wanda ya daɗe cikin harkar guje-guje da tsalle-tsalle a makarantun Funtuwa da Malumfashi ya san lokacin da fili ke ɗaukar zafi ranar gasar gidaje. Ana jifan dalma da jifan mashi a can gefe, babu mai kallo sai alƙalai da yaran da ke riƙe da igiyar awo. Da an kira mita 100 kuwa, kowa zai miƙe, har manyan baƙin da ke cikin rumfa. In aka zo gudun miƙa sanda, wanda da shi ake rufe taro, sai malamai sun fito da tsumagiya kafin a hana ɗalibai kwarara cikin layi. Wannan ƙauna ta gaskiya ce, ba na raina ta. Abin da nake cewa shi ne tsarin ranar gasar ne ya koya mana ita, kuma a sanadinta muka yi sakaci da dogon gudu, alhali nan ne yaran karkararmu suka fi samun ƙofa.

Gudu a kan layi da usur da agogo ta makarantar boko ya shigo mana. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kuma ta zama Barewa daga baya, ta ɗauki wasanni a matsayin wani ɓangare na tarbiyya, ɗalibanta kuma da suka zama malamai suka yaɗa wannan a makarantun Arewa. A zamanin Turawa ana yin tsere ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu, kuma da yadi ake awo: 100, 220, 440, 880, sai mil ɗaya. Lokacin da makarantun kwana na gwamnati suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, wannan gado suka tarar. Makarantar kwana tana da abin da jeka-ka-dawo ba ta da shi, wato asuba. Bayan salla a fitar da yara cikin hunturu su bi hanyar gonaki, ta cikin karan dawa da sauran audugar da aka tsince, su dawo kafin karin kumallo. A irin wannan gudun ne malamin wasanni ke gano yaron da numfashinsa ba ya yankewa, kuma galibi ɗan ƙauye ne da ya saba da tafiyar ƙasa tun yana ƙarami.

Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ɗalibai suka yi yawa, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, gudun asuba ya ja baya. Abin da ya rage shi ne rana ɗaya a zango na biyu, ranar da ake zana layi da toka ko baƙin mai, a haƙa ramin dogon tsalle a zuba yashi, a gayyato hakimi ko wakilinsa da shugaban ƙaramar hukuma da attajiran da ake sa ran gudunmawarsu. Babban baƙo ba zai zauna yana kallon yara suna zagaya fili sau goma sha biyu da rabi ba, domin haka tseren mita 5,000 yake. Sai aka riƙa gama dogayen tsere kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ba kalangu ba tafi. Yaro kuwa inda ya ga ana tafi nan yake nufa. Jaruman ƙasa ma suka ƙara ƙarfafa hakan: Chioma Ajunwa da zinaren dogon tsalle a Atlanta a 1996, 'yan miƙa sanda na mita 400 a Sidni a 2000 waɗanda azurfarsu ta koma zinare a 2012, cikinsu har da Sunday Bada haifaffen Kaduna, sai Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge da daƙiƙa 12.12 a 2022. Duka gajeren gudu ne ko tsalle.

To amma gajeren gudu wasan masu kayan aiki ne. Bambancin gwani da ɗan koyo a mita 100 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, kuma waɗannan daƙiƙoƙin ana samo su ne daga filin roba, da takalmi mai ƙusa, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da mai horarwa da ya san yadda ake tashi daga kan layi. Yaron da ya yi na ɗaya a makarantarsa babu takalmi, in ya je Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda ake yi tun 1973, zai haɗu da 'yan Delta da Edo da Legas da suka girma da waɗannan kaya. Dogon gudu kuwa hanya yake so, da takalmi, da abinci, da wanda zai riƙe agogo a kai a kai. Hanya da hatsi dai ba a fi mu su ba.

Za a ce mutanen Afirka ta Yamma ba su da jikin dogon zango, kuma Funtuwa ba Iten ta Kenya ba ce mai tsayin kusan mita 2,400. Batun tudu gaskiya ne, namu bai kai rabin wannan ba. Sai dai Hicham El Guerrouj na Maroko, wanda ya kafa tarihin mita 1,500 a 1998, a Berkane aka haife shi, kusa da teku. Tudu wuri ne da ake zuwa atisaye, mu ma ga Jos da Pankshin da Mambila. Batun jiki kuma, Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Nijeriya a gudun fanfalaki na Olamfik a Seoul a 1988, kuma a yau 'yan Filato ne ke yawan zuwa kan gaba cikin 'yan gida a gudun fanfalakin Legas. Ba sai mun kayar da Kenya ba kafin abin ya yi amfani. Rundunar soja da 'yan sanda da kwastan sun daɗe suna ɗaukar 'yan wasa aiki, ga kuma kuɗin da tseren kan titi ke ware wa 'yan ƙasa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsaro. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, babu shugaban makaranta mai hankali da zai tura yara bayan gari da duku-duku, kuma ba zan nemi ya yi ba. Amma makarantun gwamnati na da suna da filaye masu faɗi, ana iya fitar da zagayen kilomita ɗaya a cikin shinge, cikin gari kuma akwai tituna.

Kirana ga malaman wasanni da hukumar wasanni ta jiha ƙarami ne. A mayar da mita 1,500 da 5,000 cikin ranar gasa, a yi su gaban rumfa, kyautarsu ta yi daidai da ta mita 100. A rubuta lokacin kowane yaro a ajiye, a haɗa zakarun Bakori da Danja da Ƙafur da sauran ƙananan hukumomin shiyyar sau ɗaya a kowane hunturu, maza da mata.