AGOGO BA YA SON KAI: Tarihin Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

A wannan makon za mu leƙa wani wasa da ba kasafai ake jin labarinsa a wajenmu ba, wato gasar harbi da ƙaramar bindiga wadda ƙungiyar duniya ta IPSC ke kula da ita. Mun san kalmar bindiga ba ta da daɗin ji a kunnuwanmu a wannan zamani, don haka mu faɗa tun da wuri cewa magana muke yi a kan wasa mai rajista da alƙalai, wanda ake yi a killataccen fili a ƙasashen da dokarsu ta amince da shi. Abin da ya ja hankalinmu ga tarihinsa tambaya ce guda ɗaya da masu wasan suka shafe sama da shekara 60 suna jayayya a kanta: idan mutum ya ci gasa, gwanintarsa ce ta ci ko kayan da ke hannunsa?

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Ana jera allunan kwali da farantan ƙarfe a fili, wasu kusa wasu nesa, wasu a bayan katanga, wasu suna lilo. Ɗan wasa zai tsaya da bindigarsa cikin kube a ƙugu. Da na'urar ƙirga lokaci ta yi ƙara sai ya zaro, ya bi allunan da harbi yana tafiya, ya sauya gidan harsashi idan ya ƙare, har ya gama. Daga nan a tara makinsa a raba da lokacin da ya ɗauka. Wanda ya sami maki 60 a sakan 10 yana da 6. Wanda ya sami 52 a sakan 8 yana da 6.5, ya kayar da na farko ke nan duk da cewa na farkon ya fi shi saiti. Idan kuwa aka duba allo aka ga wani harbin da ake buƙata bai same shi ba, maki 10 za a zare wa mutum. Ku riƙe wannan lissafin, domin a kansa duk labarin ya ginu.

Asalin abin a jihar Kalifoniya ta Amurka ne, a wani gari mai suna Big Bear Lake, a tsakiyar shekarun 1950. A can ne Jeff Cooper, tsohon hafsan soja da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara shirya wata gasa da ake kira Leatherslap. Mutum biyu ke tsayawa a jere, kowa da balan-balan a gabansa nisan yadi 7, wanda ya riga fasa tasa ya ci. Lokacin finafinan kaboyi ke tashe, saboda haka kusan kowa da hannu ɗaya yake harbi daga ƙugu, ba ya ko kallon ƙarfen saiti. Kowa ya ɗauka haka ya fi sauri. Saurin kam akwai shi, sai dai sau da yawa mutum zai zazzage harsasansa balan-balan na nan tana kallonsa.

Sai ga wani ɗan sanda daga yankin Los Angeles mai suna Jack Weaver. Shi da ya zaro bindiga sai ya kama ta da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya dubi saiti, sannan ya ja kunama. Yana rasa ɗan lokaci wajen ɗagawa, amma harbinsa na farko yakan samu. A 1959 ya lashe gasar, sauran kuma suka fara kwaikwayonsa ɗaya bayan ɗaya. Cooper ya ɗauki wannan tsayuwa ya tsara ta: hannun da ke riƙe da bindiga yana turawa gaba, ɗayan yana jawowa baya da gwiwar hannu a lanƙwashe, don a rage shurin da bindiga ke yi. Ya sa mata sunan Weaver, ya kuma koyar da ita a makarantar da ya kafa a jihar Arizona a 1976, wadda aka sani da Gunsite. Babu wanda ya rinjayi kowa da baki a wannan sauyi. Gani ya kori ji: agogo da allo ne suka yanke hukunci.

Kafin nan wasan ya riga ya tsallaka teku. An yi gasar duniya ta farko a birnin Zurik na Suwizalan a 1975, Ray Chapman, ɗaya daga cikin abokan Cooper na Kalifoniya, ya lashe ta. A watan Mayun 1976 aka yi taro a garin Columbia na jihar Missouri aka kafa IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin, Diligentia, Vis, Celeritas, wato daidaito, ƙarfi da sauri. Aka kuma kafa ƙa'idar cewa mai shirya fili matsala kawai zai ajiye wa ɗan wasa, ba zai gaya masa yadda zai warware ta ba. Kowa ya zo da dabararsa da bindigar da ya ga dama.

Kalmar tsakiya, wato ƙarfi, ita ce ta fi jawo rigima. Bindiga mai ƙaramin harsashi ba ta shuri sosai, don haka ta fi sauƙin sarrafawa. Don kada kowa ya gudu zuwa gare ta, aka ƙirƙiro ma'aunin ƙarfi: a ninka nauyin harsashi a ma'aunin giren da gudunsa a ƙafa cikin sakan ɗaya, a raba da 1,000. Harsashin .45 mai giren 230 da ke gudun ƙafa 800 yana ba da 184. Na milimita 9 mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 yana ba da 130. Wanda ya kai 175 a wancan lokacin ya shiga ajin manya, wanda ya tsaya tsakanin 125 da nan yana ajin ƙanana. Tsakiyar allo maki 5 ne ga kowa, amma idan harbi ya kauce gefe, na ajin manya ya sami 4 ko 2, na ajin ƙanana ya sami 3 ko 1. Wannan ya fifita bindigar da Cooper ya fi so, ƙirar 1911 ta John Browning mai harsashin .45. Duk da haka, a gasar duniya ta 1977 a Salisbury ta Rodeshiya, wato Harare ta Zimbabuwe a yau, Dave Westerhout ya ci da Browning Hi-Power mai milimita 9, wadda ta fi ɗaukar harsasai da yawa.

A shekarun 1980 ne abin ya juya wa waɗanda suka kafa shi. Wasu samari biyu daga Arizona, Rob Leatham da Brian Enos, suka ajiye tsayuwar Weaver. Suka fuskanci allo kai tsaye, suka miƙa hannuwa biyu daidai wa daida, suka daina kokawa da shurin bindiga, suka bar ta ta ɗaga ta dawo mazauninta yayin da ido ke bin saiti. Dattawan wasan sun ce hakan bai dace ba, amma agogon da ya ba Weaver gaskiya a 1959 shi ne ya ba samarin gaskiya. Leatham ya ci gasar duniya sau uku a jere, a 1983 da 1986 da 1988.

Maƙera ma ba su zauna ba. Suka fara ɗaura wani ƙarfe mai ramuka a sama a bakin bindiga, wanda ke fitar da iskar albarushi sama don ta danne bakin ƙasa. Daga nan aka gano wata kafa a cikin dokar ma'aunin ƙarfi. Lissafin ninki ne, saboda haka idan aka rage nauyi aka ƙara gudu, amsar ba ta canjawa. Harsashin .38 Super mai giren 125 da aka cika wa albarushi har ya kai gudun ƙafa 1,400 yana ba da 175 cif. Ga shi siriri ne, gida ɗaya ya fi ɗaukarsa da yawa, ga kuma yawan iskar da ke sa ƙarfen nan mai ramuka ya ƙara aiki. Dokar da aka kafa don kare babban harsashi, ita ce ta buɗe wa siririn ƙofa. A 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasar Amurka da madubin saiti mai jan ɗigo a kan bindigarsa, a wannan shekarar kuma Doug Koenig ya ci ta duniya a Adelaide ta Ostireliya da irinsa. Da ƙarfen saiti, ido na lura da abu uku: ƙarfen baya, na gaba da allo. Da madubin, mutum allo kawai zai kalla ya ɗora ɗigon a kai. Ba a jima ba aka faɗaɗa marikin bindiga har gida ɗaya ya riƙa ɗaukar harsasai kusan 30.

A nan ne tambayarmu ta taso da ƙarfi. Bindigar da ke cin gasa ta zama wadda babu ɗan sandan da zai rataya ta aiki, kuma kuɗinta ya ninka na bindigar kanti sau da yawa. Cooper, wanda manufarsa tun farko ita ce gwada abin da ke aiki wajen kare kai, ya yi ta sukar wannan salo a rubuce-rubucensa. Sabon shiga kuwa, idan ya zo da bindigarsa ta gida ya ga abin da ke hannun na kusa da shi, sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Mafita biyu aka samu. IPSC ta raba wasan rukuni-rukuni a farkon shekarun 1990. Rukunin Open aka bar wa masu son ƙere-ƙere. A rukunin Standard aka hana madubi da ƙarfe mai ramuka, aka kuma ce dole bindiga ta shiga wani akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, kauri 45. Wasu kuwa suka ga wannan bai isa ba, suka ɓalle. A 1996 Bill Wilson, wanda shi kansa maƙerin bindigogin gasa ne, da Ken Hackathorn da wasu abokansu suka kafa IDPA, inda ake amfani da bindigar yau da kullum, a rufe ta da riga, a kuma yi harbi daga bayan kariya. A 2000 IPSC ta ƙara rukunin Production na bindigogin da suka fito daga masana'anta ba tare da manyan gyare-gyare ba, inda kowa makin ajin ƙanana yake samu. A gasar duniya ta 2002 a Afirka ta Kudu, David Sevigny ya ci wannan rukunin da Glock 17, bindiga mai jikin roba irin wadda 'yan sanda da yawa ke riƙewa.

To ko maganar ta ƙare a nan? Ina! In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Tunda doka ta ce sai ƙirar masana'anta, sai masana'antun suka fara ƙera bindigar gasa tun daga tushe. Kamfanin CZ na ƙasar Cek ya fito da SP-01 Shadow, sannan Shadow 2 a 2016, mai jikin ƙarfe zalla da nauyin da ya haura kilo 1.3, kusan ninki biyu na Glock 17, domin nauyi na shanye shuri. Tanfoglio na Italiya ma ya bi wannan hanya. Madubin jan ɗigon da aka taɓa yi wa kallon kayan 'yan gayu kuwa ya ƙanƙance ya yi ƙwari, har aka buɗe masa rukuni a kan bindigogin masana'anta, yanzu kuma 'yan sanda da yawa a Amurka da shi suke aiki. Abin da aka ce ya kauce daga manufar Cooper ya zagayo ya shiga kuben ɗan sanda.

Saura ɓangaren mutum. Eric Grauffel na Faransa ya ci gasar duniya ta 1999 a Cebu ta Filifin kafin ya cika shekara 20. Ya sake cin rukunin Open a 2002 da 2005 da 2008 da 2011. Mai cewa bindigarsa ce ke yi masa aiki ya sami amsa a 2014 a jihar Fulorida, lokacin da ya ajiye madubi da ƙarfe mai ramuka ya shiga rukunin Production, ya kuma ci. Mu a fahimtarmu, kaya na da tasiri ƙwarai tsakanin gwanaye biyu da suka yi kunnen doki, shi ya sa raba rukuni ya zama adalci. Amma sakan ɗin da ake asara a fili, yawancinsu a wajen tsara hanyar da za a bi ne, da shiga wuri da fita, da sauya gidan harsashi ana tafiya, da sanin lokacin da ɗan hango saiti ya isa da lokacin da sai an nutsu. Waɗannan babu kantin da ke sayar da su.

Akwai doka ɗaya da duk wannan jayayya ba ta sassauta ba, ita ce ta kiyaye rai. Ba a sa harsashi sai alƙalin fili ya ba da umarni. Yatsa ba ya shiga wajen kunama yayin da mutum ke tafiya ba harbi yake ba, ko yake sauya gidan harsashi. Bakin bindiga ba ya juyowa ɓangaren da jama'a suke. Wanda ya karya ɗaya daga ciki, ko bindigarsa ta tashi ba da niyya ba, an kore shi daga gasar gaba ɗaya, ko da shi ne zakaran duniya.

Ga mai son bayyana ra'ayinsa, fili a buɗe yake a ƙasan wannan rubutu: da ku ne shugabannin IPSC a 1990, za ku hana madubin nan ne, ko za ku bar agogo ya yi hukunci? Sai mun haɗu a mako mai zuwa.