Gida da Waje: Asalin Zagayen Sili Ɗaya Ƙwale a Gasar Zakarun Afirka

A gidajen kallo na Yelwan Yawuri da Wara da Shanga, har zuwa ƙauyukan masunta da ke bakin tafkin Kainji, janareto ba ya hutawa a daren Talata da Laraba idan kakar Zakarun Turai ta kankama. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai jero maka kofunan Real Madrid ba tuntuɓe. Amma ka tambaye shi wace ƙungiyar Arewa ce ta taɓa fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, kuma da wace doka ta fitar da ita, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan abu yana damuna, domin labarin namu ne, kuma ba a yi shekara ashirin da faruwarsa ba.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, an kafa ta a Khartum a 1957, amma sai a 1964, shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji, ta ƙirƙiro gasar ƙungiyoyin da suka zama zakaru a ƙasashensu. Kofin farko sunan Kwame Nkrumah ya ɗauka, kuma a ƙasarsa aka kammala gasar. An fara tacewa shiyya-shiyya, sannan ƙungiyoyi huɗu suka haɗu a Akra: Real Republicans ta masu masauki, Cotton Factory ta Habasha, Stade Malien ta Mali, da Oryx Douala ta Kamaru. A watan Fabrairun 1965 Oryx ta doke Stade Malien da ci 2-1. Wasa ɗaya aka yi, a gari ɗaya, aka watse.

Wannan tsari bai ɗore ba. Tara ƙungiyoyi a gari guda yana bukatar mai masaukin da zai ciyar, ya shayar, ya biya kuɗin jirgi, kuma ba kullum ake samun irin Nkrumah ba. Ƙungiyoyin kuwa da kuɗin ƙofa suke rayuwa, don a lokacin babu kuɗin talabijin. Da gasar ta dawo a 1966, sai aka koma gida da waje tun daga zagayen farko har wasan ƙarshe: ka zo gidana, in je gidanka, a haɗa ƙwallaye, wanda ya gaza ya koma gida. Tun a shekarar farko tsarin ya nuna halinsa. Real Bamako ta ci Stade d'Abidjan 3-1 a Mali, ana ganin magana ta ƙare, sai aka je Abijan ta sha 4-1.

Sai dai ba a yi shirin abin da za a yi idan ƙwallaye suka zo daidai ba. Ko a Turai ma, a 1965, kwabo aka jefa sama aka raba Liverpool da Cologne bayan sun yi wasa uku babu mai rinjaye. A Afirka gardamar ta fashe ne a wasan ƙarshe na 1967, tsakanin Asante Kotoko ta Kumasi da TP Englebert ta Kwango, wadda yau aka sani da TP Mazembe. An tashi 1-1 a Kumasi, aka tashi 2-2 a Kinshasa. CAF ta ce a yi wasa na uku a Yawunde. Ranar ta zo, Englebert ta shiga fili, Kotoko ba ta bayyana ba. Abin da aka riƙa faɗi shi ne saƙon bai isa ga ƙungiyar ba. Aka miƙa wa Englebert kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Kotoko ba ta huce ba sai da ta bi Englebert har Kinshasa ta doke ta 2-1, ta ɗauki kofin 1970.

Kumasi ba baƙon gari ba ne ga mutumin Yawuri. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro ta wannan yanki suke ƙetare Kwara, kuma jikokin wasunsu ne ke zaune a zangon Kumasi yau, suna Hausa, suna goyon bayan Kotoko a filin da ke ɗauke da sunan Baba Yara.

Daga irin rikicin Kotoko da Englebert ne CAF ta rungumi magunguna biyu da suka fito daga waje. Na farko dokar ƙwallon waje, wadda Turawa suka fara aiki da ita a 1965: idan jimilla ta zo daidai, wanda ya fi cin ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Na biyu bugun fenareti, wanda aka amince da shi a dokokin wasa a 1970. Da dokar farko tana aiki a 1967, da Kotoko ce ta ɗauki kofi a Kinshasa a daren nan, domin ta ci biyu a waje, Englebert ta ci ɗaya.

Ƙungiyoyin Nijeriya sun daɗe suna shan ɗacin wannan tsari a babbar gasar. Rangers ta Enugu ta kai wasan ƙarshe a 1975, Hafia ta Gini ta doke ta. Shooting Stars ta Ibadan ta faɗi a hannun Zamalek a 1984, ta sake faɗi a hannunta a 1996 da bugun fenareti. Iwuanyanwu Nationale ta ci ES Sétif ta Aljeriya 1-0 a wasan farko na 1988, ta je can aka zura mata huɗu. A ƙaramar gasar, ta masu riƙe da kofin ƙalubale, aka fi samun sa'a: Shooting Stars a 1976, Rangers a 1977, BCC Lions ta Gboko a 1990. Arewa ma ta taɓa wannan tarihi ta fuska biyu. A 1977, da Rangers da Shooting Stars suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, zaman ɗar-ɗar tsakanin magoya bayansu ya sa aka kai wasa na biyu filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda fenareti ya raba su. A 1988 kuma Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa, ƙwallo ɗaya tak ta hana ta kofi a hannun CA Bizertin ta Tunisiya.

A 1997 CAF ta sauya wa babbar gasar suna da fasali, ta kwaikwayi Turai. Bayan zagayen share fage, ƙungiyoyi takwas da suka rage aka raba su rukuni biyu, na farko a kowane rukuni ya wuce wasan ƙarshe kai tsaye. Sai a 2001 aka dawo da wasan kusa da na ƙarshe. Dalilin sauyin kuɗi ne. Mai talla da gidan talabijin suna son tabbacin cewa babbar ƙungiya za ta buga wasa shida, ba a yi waje da ita a mako biyu ba. Ba na musun cewa kuɗin ya taimaka. Amma wasan rukuni gatan mai ƙarfi ne: idan ya yi tuntuɓe yau, yana da sauran wasa biyar na gyara. Ƙaramar ƙungiya kuwa damarta tana cikin minti 180 na gida da waje, inda dare ɗaya mai kyau ya isa.

A ƙarƙashin sabon tsarin Enyimba ta Aba ta karya ƙofar da ta gagari Nijeriya kusan shekara arba'in. A 2003, da koci Kadiri Ikhana, ta ci Ismaily ta Masar 2-0 a Aba, ta sha 1-0 a Isma'iliyya, ta ɗauki kofi. A 2004 ta kare shi a Abuja, inda ta doke Étoile du Sahel da fenareti bayan an sauya mai tsaron raga, aka sako Dele Aiyenugba musamman don bugun. Wannan Kadiri Ikhana ɗin ne ya zo Kano ya ci wa Pillars kofin firimiyar Nijeriya na farko a 2008, abin da ya buɗe mata ƙofar gasar Zakarun Afirka a 2009.

Sai a dubi waɗanda aka haɗa a zagaye na biyu na shekarar. Kano Pillars an kafa ta ne a 1990, kuma wannan ne zuwanta na farko wannan gasa. Al Ahly kuwa an kafa ta tun 1907, CAF ta naɗa ta ƙungiyar ƙarni a Afirka, tana da kofi shida a ɗaki, uku daga ciki a shekara huɗu da suka gabata, kuma ita ke riƙe da kambun. Kocinta Manuel José ne ɗan Fotugal, a fili tana da Mohamed Aboutrika da Mohamed Barakat da Wael Gomaa, mutanen da suka ɗaukar wa Masar kofin nahiya. Wanda ya yi nasara zai shiga rukunin takwas. Wanda ya faɗi ya gangara ƙaramar gasa.

Wasan farko a Nijeriya aka tashi 1-1. Ga wanda ya san lissafin gida da waje, wannan kusan faɗuwa ce ga Pillars, Masu Gida: baƙo ya ci ƙwallo a gidanka, yanzu canjaras ba ci ya ishe shi a Alƙahira. Babu amfanin zuwa a tare gida. Dole Pillars ta ci ƙwallo a filin da manyan Afirka ke zuwa su sunkuyar da kai, kuma ta ci, har biyu. Aka tashi 2-2, jimilla 3-3. Alƙaluman da suka jawo rigimar Kotoko da Englebert ke nan daidai, 1-1 a gida da 2-2 a waje, amma yanzu akwai dokar da ta yanke hukunci. Pillars ta wuce, mai riƙe da kofi ta fita tun kafin rukuni. Ba ta doke Al Ahly ko sau ɗaya ba, kuma wasu suna riƙe wannan a matsayin tawaya. Ni ban ga tawaya ba. Dokar an kafa ta ne don a saka wa wanda ya yi ƙarfin halin kai hari a gidan wani, kuma abin da yaran Kano suka yi ke nan.

Daga nan Pillars ta faɗa rukuni ɗaya da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco United ta Zambiya, ta fito ta ɗaya. A wasan kusa da na ƙarshe sai ta gamu da 'yar gida, Heartland ta Owerri, wato tsohuwar Iwuanyanwu Nationale, domin tun 2004 ƙasashen da ke kan gaba suna da gurbi biyu. A nan tafiyar ta tsaya, kuma tsayawa mai ciwo: 4-0 a Owerri, 1-0 a wasa na biyu. Heartland ta wuce wasan ƙarshe, ta ci TP Mazembe 2-1 a Owerri, ta sha 1-0 a Lubumbashi. Jimilla 2-2, Mazembe ta ɗauki kofi da ƙwallon waje. A shekara ɗaya dokar ta ɗaga ƙungiyar Nijeriya ɗaya, ta hana ɗayar kofi, kuma tun daga lokacin babu ƙungiyar ƙasar nan da ta sake kai wa wasan ƙarshe na wannan gasa.

CAF ba ta daina taɓa tsarin ba. A 2017 ta faɗaɗa rukuni zuwa ƙungiyoyi 16, ta dawo da zagayen 'yan takwas. A 2019 wasan ƙarshe ya watse a Tunisiya: an soke ƙwallon Wydad ta Maroko, na'urar VAR da za a duba ba ta aiki, 'yan wasan suka ƙi ci gaba, aka ba Espérance kofi. Sai aka koma wasan ƙarshe guda ɗaya irin na Turai. Shekara uku aka gwada. A 2022 aka sa wasan a Kasabalanka, a filin da Wydad ke buga wasanninta na gida, ta doke Al Ahly 2-0, Misirawa suka yi ta ƙorafi. A 2023 aka dawo gida da waje, tsarin da aka fara tun 1966.

Turai ta soke dokar ƙwallon waje a 2021, bisa hujjar cewa buga wasa a gida ya daina ba da rinjaye irin na da. CAF ta riƙe tata, kuma a ganina ta yi daidai. Ɗan wasan da zai tashi daga Landan zuwa Madrid tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce a gabansa. Wanda zai tashi daga Kano zuwa Lubumbashi sai ya sauya jirgi, wani lokaci ya kwana a hanya, ya sauka cikin wani yanayi, wani abinci, wani irin fili. Ƙwallon da aka ci bayan wannan wahala ta cancanci ƙarin nauyi. Har a 2025 da wannan doka Mamelodi Sundowns ta fitar da Al Ahly a wasan kusa da na ƙarshe, 0-0 a Afirka ta Kudu, 1-1 a Alƙahira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙungiyoyinmu suka koma faɗuwa tun a bakin ƙofa. Pillars ta ci firimiya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, amma ba ta sake shiga rukuni ba. A watan Agustan 2019 Asante Kotoko ta zo filin Sani Abacha ta sha 3-2 a hannun Pillars, sannan ta ci 2-0 a Kumasi, magana ta ƙare a zagayen share fage. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da zarar ƙungiya ta ci kofi sai 'yan wasanta su watse neman inda albashi ya fi tsoka, kuma sau da yawa wasannin share fage suna zuwa kafin gasar gida ta yi nisa, 'yan wasa ba su gama sabawa da juna ba. Ga kuma matsalar fili. CAF tana da ƙa'idojin da filin wasa zai cika kafin a buga wasanninta a cikinsa, kuma a 'yan shekarun nan filayen Nijeriya da suka tsallake ba su da yawa, har Enyimba da Rivers United suka riƙa karɓar baƙinsu a Uyo. Idan gobe wata ƙungiya daga Kano ko Katsina ko Birnin Kebbi ta samu gurbi, kuma filinta bai samu amincewa ba, wasanta na gida zai kasance a ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma mai goyon bayanta daga Yawuri ko Ngaski zai yi wuni da kwana a mota kafin ya isa ƙofar filin.