Tarar Naira 800: Dokar da ta Hana Ɗaure Ma'aikaci a Kantin Ubangidansa

Leburan da ke fitowa daga masana'antun Chikaji ranar biya yana da wani haƙƙi da ya girme shi: a ba shi ladansa da kuɗi, ya kashe inda ya ga dama. Asalin wannan haƙƙi daga Ingila ne, inda masu masana'antu suka daɗe suna biyan ma'aikata da kaya ko da takardar da ba ta aiki sai a kantinsu, a farashin da suka yanka. A shekarar 1831 majalisar ƙasar ta mai da hakan laifi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya ƙa'idar cikin yarjejeniyarta ta 1949, Nijeriya kuma ta rubuta ta a Dokar Ƙwadago ta 1974, zamanin Janar Gowon. Dokar ta hana ubangida gindaya wa ma'aikaci inda zai kashe albashinsa, ta kuma hana tilasta masa sayayya a kantin kamfani. Wanda ya saɓa, tararsa a karon farko ba ta wuce naira 800.

A wancan lokaci naira ta fi dalar Amurka daraja, don haka tarar tana da ciwo. Yau naira 800 ba ta sayen mudun shinkafa a kasuwar Sabon Gari.