U-9 da Safiyar 22 ga Satumba, 1914

An saba danganta nasarar U-9, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, ga ƙarfin sabon makami. A ganina wannan bayani ya yi wa jirgin alfarma. A Danzig aka ƙera shi, aka sa shi ruwa a 1910, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke har ya fara zama tsohon yayi. Kananzir injinsa yake sha, in yana tafiya a saman ruwa sai hayaƙi ya turnuƙe ana hangowa daga nesa, abin kunya ga jirgin da ɓuya ce sana'arsa. Tofido shida kacal yake ɗauka.

Da waɗannan shidan kwamandansa, Otto Weddigen, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, daura da gaɓar Holan, cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi. Mutum 1,459 suka halaka.

A dubi yadda abin ya faru. Jiragen uku tsofaffi ne, suna sintiri a jere, a hankali, ba sa karkata hagu ko dama, ƙananan jiragen rakiyarsu kuwa igiyar ruwa ta riga ta kora su gida. Da tofido ya sami Aboukir, kyaftin ɗinsa ya ɗauka nakiya ya taka, ya kira sauran su matso. Hogue ya tsaya cik, ya sauke kwale-kwale yana tsamo mutane, sai aka ɗirka masa biyu. Cressy ma aikin ceto yake yi aka gama da shi. Al'adar teku ta ƙin barin ɗan'uwa a ruwa, wadda ba mai aibata ta, ita ta miƙa wa Weddigen jirage biyu a tsaye. Sakacin manya a Landan, waɗanda aka riga aka gargaɗa kan wannan sintiri, shi ya ba shi na farkon.

Hujjata ita ce matakin da Birtaniya ta ɗauka: ta hana manyan jiragenta tsayawa ceto inda ake zaton maƙiyi na ƙarƙashin ruwa. Ɗabi'a aka gyara, don a nan ɓarakar take.

U-9 ya ƙara nutsar da wani jirgin yaƙin Birtaniya, Hawke, a watan Oktoba, amma zuwa 1916 an mayar da shi jirgin horar da ma'aikata. Weddigen bai ga haka ba. A Maris 1915 jirgin yaƙin Birtaniya Dreadnought ya banke sabon jirginsa, U-29, ba wanda ya tsira.